Kada Ki Gina Ɗakin Banda Irin Nawa

Zuwa ga ɗiyata Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta same ki kin sauka Wara lafiya, ke da maigidanki Isiya da 'yar jikata Hassi. Allah ya tsare ku bisa ruwa da bisa tudu, ya sa kun shiga sabon gida a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Na cusa takardar a ƙasan kwallar daddawa don na san ita za ki fara buɗewa, ke da ba ki iya miya ba sai da ita. In kin ga rubutun ya karkace kada ki yi mini dariya. Rabona da biro tun ajin yaƙi da jahilci, kuma kwana huɗu na yi ina rubutawa ina hutawa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana guda ce ta zaunar da ni.

Ranar Talata kina ɗaurin kaya a tsakar gida, na ji kina yi wa Isiya kwatancen ɗakin bandar kifi da zai gina miki a can. Kika ce, "Irin na Inna sak nake so. Ba taga, ƙofa 'yar ƙarama, rufi ƙasa-ƙasa." Shi kuma ya ce, "An gama, Asabar ta sama za a fara aza bulo." Ina kwance a ɗaki ina jin ku. Da bara ne kika faɗi haka, da kaina ya kumbura don daɗi. Amma ranar sai gabana ya faɗi. Na yunƙura in kira ki, tari ya tare ni, da ya sake ni kuma sai kunya ta hana, don in na buɗe baki dole in fara da ƙaryar da na yi miki.

Na ce miki sanyi ne ya kama mini ƙirji. Ba sanyi ba ne, Luba. Ciwon daji ne a huhuna na dama. Babanku ya sani tun tafiyarmu Sakkwato, ni na hana shi faɗi, na ce a bar ki ki yi shirin tashi da kwanciyar rai. Ki yafe mini wannan. Kada kuma ki jefar da takardar ki nufi bakin ruwa neman jirgin dawowa, na san halinki. Zauna ki karanta har ƙarshe.

A babban asibitin can sun ɗauki hoton ƙirjina, suka tsakuro ɗan nama da wata doguwar allura, suka ce mu dawo. Likitar da ta yi mana bayani mace ce, ba za ta girme ki da yawa ba, mai sanyin magana. Ta ce dajin huhu iri-iri ne. Nawa, da suka duba shi a na'urar da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, sun ga ƙwayoyinsa manya ne, shi ya sa suke kiransa mai manyan ƙwayoyi. Na ce, "To, ko a ciwo ma babba na ɗauko." Ta yi murmushi kaɗan, amma ba ta ɓoye mini ba. Ta ce irinsa yana da saurin girma, kuma ba ya son zama inda ya fara. Za su riƙa sa mini ruwan magani don a rage mishi gudu. Ba su yi mini alkawarin da ya wuce haka ba, ni ma ban roƙa ba.

Sai na tambaye ta abin da ya fi damuna. Na ce, "Likita, me ya kawo shi?" Ta ce, "Inna, ba zan iya nuna abu guda in rantse shi ne ba. Huhu kullum cikin gyaran kansa yake. Hayaƙi da ƙura suna ɓata shi kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har wata rana gyaran ya kauce, ƙwayoyin su yi ta haihuwa ba tsayawa. Amma mun san abubuwan da ke jawo shi kusa. Bari in tambaye ki." Ta jawo takarda. Tambayoyin da ta yi mini su ne zan bi da ke yanzu, don kusan kowacce ta faɗo kan wani abu da na yi da hannuna, kuma na koya miki.

Ta fara da cewa, "Kina shan taba?" Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Haba likita, dube ni da kyau. Ni ko kara guda bai taɓa shiga bakina ba." Ta ce in yi haƙuri, dole ta fara da ita, don taba ce babbar mai kawo wanga ciwo, duk sauran a bayanta suke. Sannan ta ce, "Akwai mai sha a gidan?" Babanku yana zaune a gefe da hularsa a gwiwa. Sai ya sunkuyar da kai.

Kin san shi. In ya dawo daga ruwa da sassafe jikinsa na rawar ɗari, abin da yake fara nema ke nan. Abin da ba ki sani ba, ni nake kunna mishi. Tun ina amarya nake ɗebo garwashi bisa murfin gwangwani in kai mishi ɗaki, in ja ƙofa in rufe don kada iska ta buge shi, in zauna kusa da shi yana busawa muna hira. Wallahi har son warin nake yi, don warinsa ne. Ina ganin ladar aure nake kwasa. Likita ta ce wanda ke zaune da mai sha, shi ma sha yake yi, ba ya dai riƙe karan. A mota muna dawowa, da muka wuce Koko babanku ya ce, "Ni na sha, ke kika kwanta." Na ce mishi ya bar wannan magana, ba shi kaɗai ba ne. Tun ranar bai ƙara taɓawa ba. Ya yi sati uku yana faɗa da kowa har da awaki, yanzu sai tauna aswaki kamar zai cinye itacen.

Isiya yana sha. Kada ki musa, na ga kwalin ya faɗo daga aljihun rigarsa ranar da kika zo wanki nan. Yaron kirki ne, ba na ce ki tayar mishi da hankali ba. Amma kada ki zama mai kai garwashi. Ki zaunar da shi in ya ci ya ƙoshi, ki faɗa mishi abin da ya same ni. Kafin Allah ya ba shi ikon bari, ba a ɗaki ba, ba kusa da Hassi ba. Ki kuma tuna mishi cewa huhunsa ne a gaba wajen cutuwa, shi da yake wuni zaune a gindin injin jirgi yana shaƙar nasa hayaƙin kuma. In abin ya gagare shi ya zo wurin babanku, ya san wahalar.

Tambaya ta biyu ita ce, "Wace sana'a kike yi?" Nan na gyara zama, har da ɗan taƙama. Na ce duk kasuwar Yauri in aka ce kifin Tumba, an san nawa ake nufi. Ta ce, "A ina kike bandar?" Na kwatanta mata ɗakin kamar yadda kika kwatanta wa Isiya. Ina cikin bayani na ga ta daina rubutu tana kallona.

Bari in gaya miki yadda ɗakin nan ya samo asali, don ke kin tashi kin gan shi, kina tsammanin gado ne na kaka da kakanni. Ba gado ba ne. Innata a fili take bandarta, ƙarƙashin rumfa, kamar sauran mata. Ni ce wata damina ruwa ya dame ni, na kwashe murhu da raga na mai da su cikin tsohon ɗakin ajiya. Da na kwashe kifin ranar, sai na ga tarwaɗa ta yi ja wur tana ƙyalli, irin jan da ban taɓa gani ba. Fataken kudu suka yi mata rubdugu. Na gane hayaƙin da iska ke kwashewa a waje shi ne ya tsaya ya rina ta. Shi ke nan, na bi duk wata kafa ta ɗakin na toshe da tsumma da buhu. Tagar da ke akwai na sa aka lafta mata laka. In na shiga juya kifi sai in ja ƙofa a bayana, don kada hayaƙina ya fita a banza. Hayaƙina fa nake ce mishi. Idona na ruwa, maƙogwaro na yaji, in ƙi fita sai na gama raga shida. In na fito in tofar da kaki baƙi ƙirin, in ce ai datti ne ke fita, ƙirji na wankewa. Shekara talatin da wani abu ina wannan.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Kina 'yar shekara tara na fara shiga da ke. Kika yi tari, kika fito da gudu kina murza ido. Na bi ki har bakin rijiya na kama kunnenki na ce, "Raguwa kawai. Ɗiyar Tumba ce za ta gudu don hayaƙi?" Na mai da ke ciki. Jikinki gaskiya ya gaya miki ranar, ni na ƙaryata shi, har kika koyi daurewa, har kika fi ni. Watan jiya da idona na gan ki kin shiga da Hassi goye a bayanki, kin ja ƙofa da ƙafa yadda nake yi. Na yi kuka ranar, ban bari kin gani ba.

Don haka ki ce wa Isiya ya dakata da bulon nan. Ki yi bandarki a fili, ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, nesa da ɗakin kwana. In ja kike so, kifin za ki rufe, ke ki tsaya a waje. Akwai irin wadda ake yi da ganga ko da laka, mai murfi da bututun da ke kai hayaƙi sama. An taɓa kawo ta bakin ruwa ana nuna wa mata, na tsaya na riƙe ƙugu na ce wannan bandar 'yan boko ce, mata suka yi ta dariya, na ji daɗin kaina. Ki je ki nemi wanda ya iya ta. In za ki juya kifi ki duba inda iska ke kaɗawa ki ba ta baya. Hassi kuma a bar ta wurin maƙwabta ko a inuwa can nesa. Ɗakin girkinki ma a fasa mishi taga babba, har da na kwana. Likita ta ambaci wata iska da ke fitowa daga ƙasa ta taru a ɗakin da ba ya shan iska, ba wari ba launi, ita ma tana taɓa huhu. Ban gane ta sosai ba, abin da na riƙe shi ne a bar taga a buɗe.

Sai maganar hura wuta. Kin san abin da nake yi in itace ya jiƙe da damina. Leda, tsohon silifa, yagaggen taru, in abin ya ƙi in tsiyaya baƙin man da aka juye daga inji. Wuta ta kama bal, ni kuma ina durƙushe a kanta ina hurawa da baki. Da na faɗa wa likita ta ce, "Inna, kuma a rufaffen ɗaki?" Na ce eh. Gaggawa ce kawai, kifi ba ya jira, in ya kwana ɗaya ya tashi daga aiki. Ke ki tara busasshen itace tun kafin ruwa ya sauka, ki rufe shi da kyau. Ki ajiye totuwar masara da ƙaiƙayi na kunnawa. Abin da aka yi da roba kada ya shiga murhunki, ko don masu cin kifin.

Yanzu za ki nemi marufan bandar nan guda biyu da kika ɗaure da igiya kika sa cikin kaya, ki rasa. Ba mantuwa aka yi ba. Ni na sa babanku ya zare su kafin a kai kaya jirgi. Kin san daga inda na samo su? Tsofaffin gidajen da aka gina wa iyayenmu lokacin da aka yi dam ruwa ya ci garuruwa, rufinsu wani abu ne mai kama da siminti, asbesto ake ce mishi. Da suka fara tsagewa mutane suka sauke suka sa kwano. Ni da wayona na lura wuta ba ta cin sa, na ce ga murfin banda Allah ya kawo. Na kwaso, na sassare da gatari daidai bakin murhu, na goge gefen da dutse don kada ya yanke ni. In ya yi baƙi in kankare da wuƙa, in share farar ƙurar da tsintsiya tana tashi a fuskata. Mata da yawa sun koya a wurina. Likita ta ce a cikin ƙurar nan akwai wasu siraran zare da ido ba ya gani, in sun shiga huhu ba su fita, kuma in sun haɗu da hayaƙin taba abin ya fi muni. In kin ga irinsa a Wara kada ki fasa, kada ki kankare, kada ki share ƙurarsa a bushe. A yayyafa ruwa a kwashe a binne. Murfin ganga ya ishe ki.

Kuskurena na ƙarshe shi ne jinkiri, kuma da wauta a cikinsa. Tari ya fi shekara yana bina. Na sha maganin kemis kwalba ba adadi, na sha jiƙe-jiƙe. Na taɓa yin tibi, tarin fuka, bayan haihuwar yayanku, na sha magani na warke, sai na ce ko ita ce ta leƙo, za ta wuce. Ashe tabon da ta bari ma yana cikin abin da likita ta lissafa. Da na fara rama, zannuwana suka yi mini yawa, sai aka fara zuga ni wai hannu aka sa mini saboda kasuwa. Na yarda, Luba. Na daina gaida Inno mai rumfa kusa da tawa, matar da ta riƙe ni ranar da na haife ki. Wata biyar ina ɗauke kai in na gan ta. Sai da na ga jini a kaki sannan na yarda aka kai ni asibiti. Da muka dawo na je har gidanta na durƙusa. Ta ce, "Tumba, tashi, ni dai na ga kina ramewa na rasa ta inda zan tambaye ki." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu wanda ya yi mini komai. Kuma ba a ɗaukar wanga ciwo a kwano ko a numfashi, in kin zo ki zauna kusa da ni yadda kika saba.

Likita ta tambaye ni ko wani a danginmu ya yi irinsa. Na ce ban sani ba, amma Innata tari ne ya kai ta, da jini, da rama, muka ce tarin tsufa ne alhali ba ta tsufa ba. Ta ce ba za a iya sani ba yanzu, sai dai in uwa ko uba ya yi dajin huhu, 'ya'yansa sun fi wasu kusa da shi. Kusa ta ce, ba ta ce dole ba. Ita ma ta faɗa, akwai waɗanda suka yi duk abin da na yi suka tsufa lafiya, akwai kuma wanda bai yi ko ɗaya ba ya same shi. Jinin da na ba ki ba ki da yadda za ki yi da shi. Sauran kuwa suna hannunki.

Ina jin tarin da kike yi da safe in kin fito alwala. Kina cewa mura ce. Wataƙila mura ce, Allah ya sa. Amma in ya wuce sati uku ki je asibiti, ba kemis ba. Ki gaya musu sana'arki, da shekarun da kika yi a ɗakin nan, da ciwon uwarki, kada ki rage komai don kunya. In kin ga jini, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na yankewa a aikin da kika saba, ko kina rama ba dalili, ranar za ki tafi, ko da kifi na kan wuta.

Na san za ki ce komai nufin Allah ne. Haka ne, kuma na karɓa, hankalina kwance yake fiye da yadda kike zato. Ina sallata, ina cin abin da ya shiga, babanku ya koyi dama kunu ko da yake gudaji sun fi kunun yawa. Amma Allah bai ce in toshe taga da laka ba, ni na ɗebo lakar. Na yi ne don in ciyar da ku, ban sani ba, kuma ina fatan ya yafe mini. Ke kin sani yanzu.

Kifinki ba lalle ya yi ja irin nawa ba, musamman da farko. Za a samu wadda za ta ɗaga shi a kasuwa ta juya ta ce, "Anya wagga ɗiyar Tumba ce?" Zai yi miki zafi, don kin gado ni wajen son a yaba. Ki ce mata eh, ita ce, uwarta ce ta ce a yi shi haka. Na yafe miki sunan nan, ba sai kin riƙe mini shi ba.

Abin da nake so ki riƙe mini daban ne. Kwanakin ga da nake kwance na yi ta lissafin matan gidanmu. Kakata ban san ta ba. Innata ta tafi da baƙin gashinta. Ni ga furfura ta fara leƙowa a gefen kunne, ban sani ba ko za ta kai tsakiya. A ɗakinmu ba a taɓa yin tsohuwa tukuf ba, irin wadda ke zama a tabarma tana faɗa da jikoki tana mance sunayensu. Ke nake so ki fara. Ki tsufa har haƙora su zube, har Hassi ta gaji da ke tana cewa, "Inna kin cika mita." Wannan kaɗai na roƙe ki.

Ki gaida Isiya da kyau, ki karanta mishi tun daga farko kafin Asabar. Ki shafa mini kan Hassi. Babanku yana gaishe ku, Inno ma ta ce a gaishe ki. Allah ya kiyaye ku daga sharrin ruwa da na wuta, ya ba ku lafiya mai amfani, ya sa albarka a sana'arki, ya ja kwananki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam. Ni ce Innarki,
Tumba